Sunaye Arba'in da Uku

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Taron wata na ƙungiyar ma'aikata. Mu uku ne: ni, da Nitai mataimakina, da tsoho Hashem. Shi Hashem jikoki ne suka cika masa kunne a gida ya gudo. Na karanta bayanin taron da ya wuce, Nitai ya ce ya amince, Hashem ya ce ya goyi baya, shi ke nan. Benci goma sha biyu ne a ofishin nan. Shekarar babban yajin aiki har kan taga ake zama, in zan yi magana sai an ɗora ni kan tebur.

Nitai ya ce, "Mofiz, mu mayar da taron nan duk bayan wata uku mana. Bencinan ba za su yi fushi ba." Na ce tsarin ƙungiya ya ce kowane wata. Ya ce, "Tsarin ai ya ce sai da mutum ashirin ake buɗe taro."

Shekara biyu da rabi ke nan da gwamnati ta rufe masaƙa ta sallame mu. Bara wani kamfani ya karɓe ta haya. Injinan su ne dai, warin jiƙaƙƙiyar rama shi ne dai, jiniya ma ita ce. Ma'aikacin dindindin ne kawai babu ko ɗaya. Kullum da safe a taru a bakin ƙofa, ɗan kwangila ya nuna wanda zai shiga. Ni kuwa har yau duk unguwarmu ta Khalishpur Sakatare ake ce min. Sakataren wa, ban sani ba.

Talata, 7 ga Fabrairu

Injin tsefe rama ya cinye hannun Joytun, 'yar marigayi Kasem. Na dama, har wuyan hannu. 'Yata Shiuli ce ta zo da labarin da ta taso aiki, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce an daɗe da cire murfin ƙarfen da ke gaban injin, wai yana rage sauri. Ta ce ba a kashe layin ba. An zuba ƙurar rama a kan jinin, wata ta tsaya a gurbinta.

A zamaninmu da kafin a kai ta asibiti jiniya ta yi kuka, kowa ya fito.

Kasem ne ya koya min ɗaura zare ranar da na fara aiki, ina ɗan shekara sha tara.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Asibiti. Joytun ta juya fuska bango. Abin da ta faɗa kawai: "Kawu, wa zai yi wa yarana wanka?"

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Na sa farar rigata na je wurin manaja. Awa biyu a kan bencin masu jira. Yaro ne, bai wuce sa'an Shiuli ba, ga ladabi, har miƙewa ya yi ya sa aka kawo min shayi da biskit. Na ce na zo da sunan ƙungiya kan maganar Joytun da murfin inji.

Ya ce, "Kawu, wace ƙungiya? Rajistarku ta tafi tare da tsohuwar masaƙa. Ita kuma baiwar Allah nan, a takarda ba ma'aikaciyarmu ba ce, ta ɗan kwangila ce. Mun dai biya motar asibiti don tausayi."

Na ce to murfin fa, shi ma na ɗan kwangila ne? Ya yi murmushi ya ce zai duba. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce mahaifinsa ma ɗan ƙungiya ne a jirgin ƙasa, yana ganin girman irinmu.

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Na shanye shayin kuma. Wannan ne ya tsaya min a rai.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Na tarar da Sekendar a wurin mai shayi. Shi ne ɗan kwangilar. Wata huɗu muka yi a kurkuku ɗaki ɗaya, bargo ɗaya, lokacin yajin nan. Tabon kulki yana nan a goshinsa. Yanzu babur gare shi da waya biyu.

"Sakatare, an ce jiya ka sha shayin manya. Da madara ko babu?"

Na ce Joytun 'yar Kasem ce, Sekendar.

"Na sani. Ni na ɗauke ta aiki don darajar Kasem ɗin. Kai me ka ba ta?" Ya turo min kofi. "Kullum ina shigar da mutum ɗari takwas su samo abin sawa a tukunya. Kai bana mutum nawa ka ciyar? Zauna mana, gwiwar nan taka har nan ina jin kukanta."

Na zauna. Na ce zan sake yi wa ƙungiya rajista. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kada ka yi, Mofiz. Ba don ni ba."

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Lauya ya ce sai an sami ɗaya cikin biyar na ma'aikata. Mutum ɗari da sittin ke nan, kowa da sa hannu da lambar katin ɗan ƙasa. Na sayi takardu da tawadar dangwale. Uwar Shiuli ta kalli jakar ta ce, "Shekararka hamsin da tara." Na ce na sani. Ta ce, "To, ina tuna maka ne."

Gaskiya yau ƙafata ba ta yi nauyi ba. Na daɗe ban ji haka ba.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Kwana tara, suna ashirin da shida.

Gida-gida nake bi bayan la'asar. Tsofaffin sukan ce in shigo, matasan kuwa a bakin ƙofa suke tsayar da ni. Wani ya tambaye ni ko ƙungiya tana ba da rance. Wani ya ce, "Baba, in na sa hannu, gobe kai za ka nuna ni a bakin ƙofa?" Wata ta ce sai mijinta ya dawo, ga shi kuwa ina hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule.

Morjina ta sashen ɗinkin buhu ita ta karɓi biro tun ban gama bayani ba. Kusa da Joytun take zaune a unguwa, ita ke yi wa yaran wanka yanzu. Ta ce, "Kawo nan, Sakatare. Ni jinin na gani da idona." Ta kuma jawo min mata bakwai.

Na yi wa kowa alkawari ba wanda zai ga takardar sai lauya. Da bakina na faɗa.

Juma'a, 3 ga Maris

Ba a yi taro ba, Hashem na kwance.

Shiuli ta same ni ina jera takardu ta ce, "Baba, ba ni biron." Na ce shafin yau ya cika, ta bari sai gobe. Ta dubi shafin. Layi huɗu ne a sarari a ƙasansa.

Tun da mijinta ya tafi babban birni Dhaka ya yi shiru, aikinta ne ke riƙe da gidan nan. Mu biyar, har da 'ya'yanta biyu. Ni ba mai ɗauka ta, ga gwiwa ga suna. Ba wai na hana ta ba ne. Na ce gobe.

Litinin, 6 ga Maris

Arba'in da uku. Daga nan ya tsaya cak. Shiuli ta sake tambaya jiya, na ce na bar takardar a ofis. Yau ba ta tambaya ba.

Asabar, 11 ga Maris

Ban je bakin ƙofa da safe ba, Nitai ne ya zo ya kira ni, yana haki. Kafin in isa an riga an rufe. Mutane suna tsaye a waje da kwanukan abincinsu a hannu. Na ƙirga su sau biyu, ko da yake tun daga nesa na san adadin.

An ce Sekendar bai ambaci takarda ba. Yana duba waya yana cewa kai shiga, ke shiga, kai yau babu. Duk arba'in da ukun yau babu.

Ba wanda ya yi min ihu. Suka dai buɗa min hanya kamar an kawo gawa. Na fara cewa wannan ya saɓa wa doka, za mu kai ƙara, sai Morjina ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Sakatare, ina Shiuli?"

Na ce tana ciki.

"Ai mun gani. Ita sunanta bai samu wuri ba ko?"

Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Ban san abin da na ce ba bayan nan.

Lahadi, 12 ga Maris

Wa ya kai sunayen? Kwafi uku ne: na lauya, na Nitai, da na ofis. Mai shagon kwafi ma ya gani. Yini guda ina zargin Nitai, mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina tare da ni ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Allah ya yafe min.

Laraba, 15 ga Maris

Shiuli ta dawo da abincinta ba ta taɓa ba. Uwarta ta matsa mata, sai Shiuli ta ce ba mai zama kusa da ita lokacin cin abinci. Waɗanda suka ƙi sa hannun ma gudunta suke, wai 'yar Sakatare ta san abin da ubanta ya sani shi ya sa ta tsame kanta.

Na ce don yaran na yi.

Ta ce, "Na sani, Baba. Su ma Morjina yara gare su." Ta ɗauki bokiti. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Da ka bar ni na sa, da yanzu ina waje da yunwa, amma na san abin da zan ce wa mutane."

Shekara talatin ina tsayawa gaban jama'a ina cewa ciwon ɗaya ciwon kowa ne. Ashe ban taɓa gwada maganar a kan nawa ba.

Lahadi, 19 ga Maris

Mun yi gangami a bakin ƙofa. Na ari lasifika daga masallaci. Cikin arba'in da ukun, sha tara suka zo. Na hau kan akwati, Nitai na riƙe da ni. Na roƙi masu shiga su tsaya ko na awa ɗaya ne, awa ɗaya tak, injin ya yi shiru manaja ya ji.

Suka wuce ta gefenmu kai a sunkuye. Da yawa na san iyayensu. Ɗaya ya taɓa ƙirji ya gaishe ni ya wuce. Shiuli ta bi ta can nesa, bayan motar kaya.

'Yan sanda biyu aka turo. Suna zaune wurin mai shayi, ko tashi ba su yi ba. A da mota uku ake turo mana, da hular kwano da garkuwa. Ɗayan ma da muka gama ya taya ni sauka daga akwatin, ya ce, "A hankali, Kawu."

Lauya ya ce ƙara tana iya kai shekara biyu, in an yi sa'a.

Juma'a, 24 ga Maris

Azumi ɗaya. Zafi ya fara.

Talata, 28 ga Maris

Na kai wa Morjina ɗan dabino da shinkafa. Na so in ajiye in tafi, ta ce in zauna an kusa kiran salla. Yara shida a tabarma, nata uku na Joytun uku. Busasshiyar shinkafa mai ƙamas-ƙamas da albasa da gishiri, sai ruwa. Shi ke nan buɗa-bakin. Joytun na gefe, hannun a naɗe cikin mayafi, tana koyon ci da hagu, tana zubarwa, ƙaramar 'yarta na tsince mata.

Morjina ta je kamfanin jatan lande neman aiki, an ce sunanta ya riga ta isa. Ta gwada wankau a gidajen cikin gari, kwana biyu a mako.

Ba ta sake maganar Shiuli ba. Ta ce dai, "Sakatare, kai da ka san hanya, mene ne na gaba?"

A da kullum ina da amsar wannan tambaya. Na ce ina tunani.

Alhamis, 30 ga Maris

Na je gidan Sekendar bayan azahar. Bene ne yanzu. Matarsa ta gaishe ni da Yaya kamar da, ta tambayi uwar Shiuli.

Ban yi dogon zance ba. Na ce ka mayar da su.

Ya ce ba a hannunsa kaɗai yake ba, amma ya san abin da manaja yake so. Wasiƙa da sa hannuna cewa an janye neman rajista kuma ba za a sake ba. Da mabuɗin ofis, don ɗakin a filin masaƙa yake, suna son zuba buhuna. Na ce Joytun fa. Ya ce in ta warke za a ba ta shara a kantin abinci, wannan ya ɗauka a wuyansa. Na ce murfin inji. Ya ce, "An mayar tun makon jiya. Wani baƙo mai sayen kaya zai zo dubawa. In ya tafi ban sani ba."

Da na tashi na ce abu ɗaya zan tambaye ka don bargon nan da muka raba. Wa ya kawo maka takardar?

Ya shafa goshi. "Ba wanda ya kawo takarda, Mofiz. Ban taɓa ganinta ba. Mutum huɗu ne suka zo min daban-daban, cikin waɗanda suka sa hannun, kowa yana tsoron wani ya riga shi. Wannan ya faɗi goma, wancan ya faɗi sha biyar. Na haɗa." Ya ce, "Su ma na bar su a waje don kada a gane su. Kada ka tambaye ni suna. Gobe za ka gan su a masallaci, ka gaisa da su."

Na sauko benen ina riƙe da bango. Ya biyo ni ya ce ya kai ni a babur. Na hau.

Asabar, 1 ga Afrilu

Na sa hannu.

Nitai ya karanta wasiƙar, ya gyara min kuskuren rubutu guda, ya mayar min. Muka fara fitar da benci. Mun ba makarantar unguwa takwas, masallaci biyu, shi ya kai biyu wurin ibadarsu. Littattafan taro na shekara talatin da huɗu suna ƙarƙashin gadona, uwar Shiuli na cewa za su tara kyankyasai.

Da muka rufe ƙofar ya ce, "To, yanzu ranar Juma'ar farkon wata ina za mu?" Na ce ka zo gida. Ya ce, "A karanta bayanin taron da ya wuce?" Muka yi dariya, har ya kama tari.

Litinin, 10 ga Afrilu

Talatin da tara sun koma. Uku sun riga sun tafi Dhaka. Morjina ce kaɗai aka ƙi, wai bakinta ya yi yawa. Na koma wurin Sekendar sau biyu, na uku ya ce ta zo bayan salla, sashen rini, ba na ɗinki ba. Rini yana cin hannu. Ta ce za ta je.

Wasu sun zo yi min godiya. Ɗaya har da kifi. Ina karɓa ina kallon fuskarsa ina cewa ko kai ne cikin huɗun. Dole in daina wannan.

An fara zama kusa da Shiuli a wurin aiki, in ji uwarta. Da ni dai gaisuwa ce kawai.

Alhamis, 4 ga Mayu

Ban fita ranar ma'aikata ba. Gwiwa. An ce an yi maci a cikin gari, da riguna masu sunan wani kamfanin waya.

Yau da hantsi wata yarinya ta yi sallama, Parul, sabuwa ce a sashen kaɗi, ban san iyayenta ba. Ta ce tun bayan salla an mayar da su awa sha biyu, ladan kuwa na awa takwas, kuma an sake cire murfin injin. Ta ciro takarda daga cikin mayafi, shafin littafin makaranta. Suna goma sha ɗaya, da dangwale. Su da kansu suka yi, ba wanda ya sa su. Ta ce an gaya mata ni na san yadda ake rubuta irin wannan da inda ake kaiwa.

Rubutun ya yi kyau. Na ga inda ya kamata a gyara, wuri biyu.

Na ce mata ta ƙona ta yau, kada ta kwana da ita. Na ce ta sami Sekendar ita kaɗai, a gefe, ta ce ni na turo ta, wataƙila ya canza mata sashe. Na rubuta mata lambarsa a bayan takardar.

Ta dubi lambar, ta dube ni. Ta ce, "Su goman fa, Kawu?"

Na ce kowa ya je da kansa.

Ta ninke takardar ta mayar cikin mayafi. Ba ta ce za ta ƙona ba. Ta yi godiya yadda ake yi wa tsoho, ta tafi. Shiuli tana tsakar gida tana shanya, yau ba ta da aiki, ta ji komai. Can na ga ta ajiye bokitin ta bi bayanta zuwa titi. Ban tambaye ta ba da ta dawo.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Lokaci ne bai yi ba, in abubuwa suka lafa zan neme ta mu zauna a tsara abin yadda ya kamata. Sai dai ban tambayi unguwarsu ba.

Uwar Shiuli ta yi miyar kifi da ɗanyen mangwaro. Na ci har na ƙara. Na yi barcin rana mai nauyi, ko jiniyar ƙarfe biyu ban ji ba.